Neman shawara kan ziyartar baje kolin zane-zanen zamani a Legas

Malami daga Funtuwa ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Aiki zai kai ni Legas a farkon watan Nuwamba, zan kuma samu kwana biyu da ba ni da wata hidima, don haka nake son in ga abin da masu zane da sassaƙa na wannan zamani suke yi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne irin aikin nan da ba a rataye shi a bango, sai dai a girka shi ya cika ɗaki ko fili, mutum ya shiga cikinsa ya zagaya. Na taɓa ganin hoton wani a waya, tsofaffin takalma ne da igiyoyi, na yi ta kallo ban gane inda aka dosa ba, kuma ba na son in je in tsaya kamar baƙon da ba ya jin harshen gari. Daga ina ya kamata in fara, kuma yaya ake kallon irin wannan aiki?

Mazauniyar Agege ta amsa:

Wa alaikumus salam Malam, ka zaɓi lokaci mai kyau. A farkon Nuwamba ake yin Art X Lagos, babbar kasuwar baje kolin da Tokini Peterside ta kafa a 2016, wadda aka saba yi a otal ɗin Federal Palace da ke Victoria Island. Sai da tikiti ake shiga, akwai kuma cinkoson jama'a, domin wurin ciniki ne da masu saye da dillalai suke haɗuwa. Saboda haka shawarata ita ce kada ka fara da shi. Ka fara da gidan zane na Nike da ke Lekki, wanda Nike Davies-Okundaye ta gina, inda ake shiga kyauta, ayyuka dubbai suna jere daga ƙasa har saman bene, kuma ma'aikatan wurin suna amsa tambaya da sakin fuska. Ita kanta mai gidan gwanar rinin shuni ce irin na Yarabawa da ake kira adire, wanda duk wanda ya san karofin Ƙofar Mata a Kano zai ji kamar ya haɗu da ɗan'uwa.

Ka fito da sassafe idan a ɓangaren Mainland ka sauka, ba a tsibiri ba, domin cinkoson motoci a kan gadar Third Mainland yana iya cinye maka rabin yini, kuma kada ka ɗora wa kanka fiye da wuri biyu a rana ɗaya.

Tsohon ɗalibin Samaru ya amsa:

Malam, tambayarka ta biyu ita ce ta ja ni, domin ni ma na daɗe ina fama da ita. Abin da na koya shi ne, irin wannan aiki ba a neman ma'anarsa tun daga bakin ƙofa. Fara tambayar kanka da me aka yi shi, daga ina kayan suka fito, hannun wa suka ratsa kafin su iso nan. Na taɓa tsayawa gaban wani aikin El Anatsui, ɗan Ghana da ya koyar a jami'ar Nsukka tun daga 1975. Daga nesa na ɗauka wani ƙasaitaccen mayafi ne mai ruwan zinariya aka rataye, yana da ninki da lanƙwasa kamar babbar riga a kafaɗar basarake. Da na matsa kusa sai na ga ashe murafen kwalaben barasa ne aka daddaka suka baje, aka huda kowanne ta gefe, aka ɗinke su ɗaya bayan ɗaya da siririyar wayar tagulla, har sunan kamfani ana iya karantawa a jikin wasu. Sai da na ja baya na sake matsowa sau uku, a nan ne na tuna cewa barasa tana cikin hajar da Turawa suka yi cinikin bayi da ita a gaɓar tekun nan. Babu wanda ya faɗa mini wannan a wurin, tafiyar da na yi tsakanin nesa da kusa ce ta nuna mini.

Shi ma wurin da aka girka aikin yana cikin maganar. Baje kolin Lagos Biennial na farko a 2017 an yi shi ne a harabar jirgin ƙasa ta Ebute Metta, a tsakanin tsofaffin taragu masu tsatsa, na 2024 kuma a dandalin Tafawa Balewa. Ina kuma son ka je da sanin cewa ba baƙon abu za ka gani ba, domin a Zariya ne a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar da ta dage a kan haɗa zanen gargajiya da dabarun da Turawa suke koyarwa, kuma wasu daga cikin abubuwan da ake yi a Legas yau suna da jijiya a can.

Malami daga Funtuwa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura abu ɗaya: ana barin mutum ya ɗauki hoto? Ina son in nuna wa ɗalibaina idan na koma.

Mazauniyar Agege ta amsa:

Yawancin wurare suna bari, amma ka nemi izini tukuna, ka kashe hasken kyamarar wayarka, kuma kada ka taɓa komai sai an ce a taɓa. Ka riƙa ɗaukar ɗan allon da ke gefe mai ɗauke da sunan mai aikin da kayan da ya yi amfani da su, domin shi ne zai taimake ka a gaban yara. Ka kuma kira ka tabbatar wurin yana buɗe kafin ka hau mota, musamman ranar Lahadi da Litinin.