Gabana yana faɗuwa ba dalili, me kuke yi?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni abin da daddare yake zo mini. Yara sun yi barci, gida ya yi tsit, sai gabana ya hau dukan uku-uku, tafin hannuna ya jiƙe da gumi, tunani ya yi ta kai-kawo: in aka sallame ni daga aiki fa, in wani abu ya sami ƙaramin fa. Yanzu ko baƙuwar lamba ce ta kira ni ba na iya ɗagawa. An auna jinina, lafiya lau. Don Allah wanda ya taɓa fama da wannan, me yake yi? Banda "ki kwantar da hankalinki", wannan kam na ji ta har na gaji.

Direban Dare:
Wa alaikumus salam, sannu 'yar'uwa. Jiki ne yake zaton akwai haɗari, sai ya saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarce. Ba ya jin lallashi da baki, amma yana jin numfashi. Ki ɗora hannu a ciki, ki shaƙa ta hanci kina ƙirga huɗu har hannun ya ɗaga, ki fesar a hankali kina ƙirga shida. Fitarwar ce ke rage bugun, don haka kada ki yi mata gaggawa. In abin ya taso da ƙarfi, yawanci cikin minti 10 yake kai ƙarshen tsananinsa, daga nan ya fara sauka.

Malama Mai Alli:
Maganar waya ta fi tsaya mini a rai. Duk kiran da kika ƙi ɗagawa, za ki ji sauƙi nan take, amma gobe tsoron ya fi na yau. Ki fara da ƙarami: ke ki kira wani da kika saba da shi, sannan ki ɗaga baƙuwar lamba ɗaya. Ni kuma ina ware minti 15 da yamma, in rubuta duk "in kaza ya faru fa" a takarda. Wanda ya zo da dare sai in ce masa ya jira gobe. Abin dariya ne, amma yana jira.

Ma'aikaciyar Jinya:
Kina shan kofi ko shayi mai kauri da yamma? Bayan kamar awa 5, rabin kafeyin ɗin, wato sinadarin cikinsu mai hana barci, yana nan a jini. Ki kuma riƙa tafiyar ƙafa da sauri ko ta rabin awa ce. Amma tunda ya fara hana ki barci, ki koma wurin likita, ki faɗa masa komai, ba hawan jini kaɗai ba. Ƙarancin jini da matsalar tayirod (wata 'yar gaɓa a gaban wuya) suna kawo irin wannan bugun. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 301 ne ke da ciwon fargaba a 2019, kuma yana da magani.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai. Anti, shayin ne zai yi mini wuyar bari. Zan mayar da shi safe in gani.