Batirin adaidaita sahuna mai lantarki yana saurin cika, yana saurin ƙarewa

Assalamu alaikum, masu gyaran batir ku taimaka min. Ina da adaidaita sahu mai lantarki a Kano, batirinta lithium ne nau'in LiFePO4, 72V 100Ah, ƙwayoyi 24 a jere. Wata 14 ke nan ina aiki da ita. Da farko caja mai 20A takan cika shi cikin awa biyar da ɗoriya, in yi kusan kilomita 90 kafin ya nemi wuta.

Yanzu awa biyu da rabi fitilar caja ta koma kore, amma ko kilomita 40 ba na kaiwa. Abin da ya fi ci mini rai, in na ɗauki fasinja uku na hau gadar Ƙofar Nasarawa sai ta mutu ɗif, alhali mita tana nuna saura rabi. In na kashe na jira minti biyu sai ta tashi.

Na ari wata caja, bai canza zani ba. Na daina caji da rana saboda zafi, na bar janareta na koma sola, duk a banza. Wani mai gyara ya auna bayan caji: ƙwaya ɗaya tana 3.65V, sauran suna wajen 3.33V, caja kuma ta tsaya ba ta kai 87.6V ɗin da ya kamata ta kai in batirin ya cika ba. Ya ce in sayi sabon batir kawai, ni kuwa ban gama biyan kuɗin keken ba.

Canza wannan ƙwaya ɗaya da daidaita sauran zai dawo da batirin, ko ya riga ya mutu?