Mai wata huɗu a Dubai: ya saya ko ya yi haya?

Maganar ta taso ne a majalisar 'yan kasuwa a Agege bayan La'asar: wanda ke yin wata uku ko huɗu a Dubai duk shekara, ya sayi gida a can ko ya ci gaba da haya?

Mafi yawa sun ce haya. Gida ba ya daina cin kuɗi don ka kulle shi ka dawo Legas. Kashi 4 cikin 100 na farashin zai tafi wajen rajista a hukumar filaye, ga la'adar dillali, ga kuɗin kula da bene da ake biya duk shekara ko kana ciki ko ba ka ciki. Wani dattijo mai harkar atamfa ya ce shi kam jarin da zai juya a kasuwar Balogun ba zai binne shi a siminti ba.

Masu son saye ma ba su rasa hujja ba. Tun 2002 Dubai ta yarda baƙo ya mallaki gida a wasu unguwanni, kuma kadarar dirhami miliyan 2 tana buɗe ƙofar izinin zama na shekara 10. Sannan wanda ya ga yadda naira ta faɗi daga 2023 ya san amfanin ajiya a dirhami. Amma a ganina wannan lissafin mai rarar kuɗi ne, ba na wanda zai taɓa jari ba.

Abin da kowa ya yarda da shi: ka fara zama a unguwar da haya ka santa, lauya ya duba takardu, kuma kada ka kuskura ka saya da sunan wani, ko da ɗan uwanka ne.