Wace kalma za mu sa wa "ground" a wayoyin tsohuwar katafila?

Mai Tambaya: Salamu alaikum. A bayanin haɗa fitilun tsohuwar katafila, irin John Deere 40C mai batir bolt 6, muna da makunni da fis da waya, amma "ground" ta gagara. A ce "ƙasa" kawai?

Mai Lantarki: Wa alaikumus salam. "Ƙasa" za ta rikita mai koyo, Malam. A gida ne ake kafa ƙarfe cikin ƙasa. A katafila waya ɗaya ce ke zuwa kowace fitila. Wutar ta ratsa ƙwai, ta shiga kwanon fitilar, ta bi noti zuwa gangar jiki, ta koma batir. Ƙarfen shi ne waya ta biyu.

Ɗan Koyo: Oga, to mu ce "nagetif" mana.

Mai Lantarki: Nan ake yin ɓarna. A 40C da yawancin masu bolt 6 na shekarun 1950, fozitif ne ke ɗaure da jiki, nagetif ke bin waya. Ƙwai mai zare bai damu ba, amma LED na yau da kullum ba zai kama ba in aka juya masa. Sunan da ya ambaci kan batir ɗaya ba zai yi ba.

Bakanike: Ni "haɗin jiki" na so, sai dai kun san inda tunanin mutane zai tafi. A ce "wayar jiki". Ga tsarin: a fara cire wayar jiki daga batir. A ɗauko wuta daga agogon caji, wato mai nuna amfiyar da ke shiga ko fita daga batir, ta ɓangaren janareta ba na batir ba, don allurar ta nuna abin da fitilu ke sha. Daga nan fis, sai makunni, sai fitilu. Ƙwai mai wat 35 a bolt 6 yana jan kusan amfiya 6. Biyu a gaba da ɗaya a baya sun kai 17 da rabi, fis mai amfiya 20 ke nan, da babbar waya mai kaurin geji 12. Siririyar waya zafi za ta ɗauka.

Inda aka fi shan wuya shi ne ƙarƙashin kwanon fitila. Fenti da tsatsa suna toshe hanyar, girgizar sarƙa kuma tana kwance noti. Asarar rabin bolt kaɗai tana cin kusan kwata na hasken. A goge wurin sai ƙarfe ya fito fes, a ɗaure, a shafa giris. Mafi tabbas, a ja wa kowace fitila tata wayar zuwa firam.

Mai Lantarki: "Wayar jiki" ta dace da wayar, amma inda babu waya sai noti fa? Can ina ganin "makomar wuta". Gwajinta: a kunna fitilu, a sa mitar auna bolt tsakanin kwanon da kan batir na jiki. In ya haura bolt 0.2, makomar ta lalace.

Ɗan Koyo: Makomar wuta kamar wa'azi, Oga.

Mai Tambaya: A ce "makomar lantarki" a rubuce, ya fi tsabta. Wayar kuma "wayar jiki". Irin 40C sai a kira ta "mai fozitif a jiki".