Shin tsarin gashin cutar daji mai sarƙaƙiya ya fi inganci a kodayaushe?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum, malamaina. Ina koyon aikin tsara gashin cutar daji, kuma akwai majinyaci mai ƙari a bayan hanci da likita ya rubuta masa giray 70 (giray shi ne ma'aunin yawan hasken gashi da jiki ya sha) a zama 35. Na fitar da tsari biyu ta hanyar VMAT, wato gashin da na'ura ke yi tana zagaya majinyaci. Na biyun ya rage abin da ke kaiwa ga mabubbugar yawu ta gefen kunne daga giray 27 zuwa 25, sai dai adadin MU, wato ma'aunin yawan hasken da na'ura ke fitarwa, ya ƙaru sosai, kuma tagogin da ganyayyakin ƙarfe na cikin na'urar ke buɗe wa hasken sun zama ƙanana ƙwarai. Wanne ya kamata in gabatar wa likita?

Tsohon Ma'aikacin Fiziks:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Abin da kake gani a allon kwamfuta lissafi ne, kuma lissafin yana raunana duk lokacin da taga ta ƙanƙance. Idan ganye ya kauce da milimita 1 a tagar da faɗinta ya kai santimita 5, kuskuren kashi 2 cikin 100 ne na faɗin, amma idan tagar milimita 5 ce, kuskuren ya zama kashi 20. Haka nan auna ƙananan tagogi aiki ne mai wuya, har sai da hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, ta fitar da ƙa'idar TRS-483 a 2017 dominsa kaɗai. Idan ba a auna na'urarku da irin wannan kulawa ba lokacin da aka kafa ta, to kwamfutar tana hasashe ne a daidai wurin da kake dogaro da ita. Yawan MU kuma yana ƙara hasken da ke yoyowa ta tsakanin ganyayyaki zuwa sassan jiki masu lafiya.

Likitar Cutar Daji:
Malam ya yi gaskiya, amma ina roƙon kada mu raina batun yawu. Wanda bakinsa ya bushe bayan gashi ba ya iya haɗiye tuwo sai da kofin ruwa a hannu, yana farkawa cikin dare harshensa ya manne, haƙoransa suna lalacewa, kuma sau da yawa haka zai rayu har ƙarshen ransa. Binciken PARSPORT da aka yi a Birtaniya, wanda aka wallafa a 2011, ya nuna cewa kare mabubbugar yawu ta hanyar IMRT, wato gashin da ake daidaita ƙarfin haskensa wuri-wuri, ya rage bushewar baki matsakaiciya zuwa matsananciya bayan shekara guda daga kashi 74 zuwa 38 cikin 100. Saboda haka sarƙaƙiya tana da amfani idan ta sayo wa majinyaci wani abu. Abin da zan tambaye ka shi ne, giray 2 ɗin nan na gaskiya ne, ko a kwamfuta kawai suke?

Mai Kula da Na'ura:
Ranki ya daɗe, mu da muke kwantar da majinyata kullum muna ganin wani ɓangaren. Zuwa mako na huɗu majinyacin wuya ya rame, abin rufe fuskar da aka ƙera masa ya yi masa yawa, kuma tsarin da aka matse iyakokinsa shi ne ya fi saurin kaucewa.

Tsohon Ma'aikacin Fiziks:
Dakta, tambayarki ita ce matattarar zancen. Rahoton TG-218 na AAPM, ƙungiyar masana fiziks na asibiti ta Amurka, a 2018 ya ba da shawarar gwajin "gamma", wanda ke kwatanta lissafin kwamfuta da abin da aka auna a kan na'ura, da ma'aunin kashi 3 da milimita 2, kuma a samu aƙalla kashi 95 na wuraren da aka auna sun dace. Sai dai cibiyar IROC mai duba ingancin gashi da ke Hustan a Amurka ta gano cewa tsari yana iya tsallake gwajin asibiti ya kuma faɗi a gwajinta mai zaman kansa. Shawarata, ƙanena, ka sake lissafin tare da sanya wa MU iyaka, ka ga ko za ka samu giray 26 ba tare da ƙananan tagogin ba, sannan ka auna tsare-tsaren duka a kan na'ura, ka duba lakar baya musamman, kafin ka kai su gaban likita.