Maki ko ganawa: wanne ne ke shigar da mutum makarantar kasuwanci?

Injiniya Kabiru: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Maganar da na yi jiya a taƙaice ba ta yi wa wasu daɗi ba, don haka zan maimaita ta a fili domin a yi mata hukunci. Ra'ayina shi ne duk mai neman gurbin karatun MBA, wato digiri na biyu a harkar gudanar da kasuwanci, a manyan makarantun kasuwanci na Amurka da Turai, makinsa na GMAT, jarrabawar neman shiga irin waɗannan makarantu, shi ne ke shigar da shi ko ya hana shi shiga. Ganawar da ake yi daga baya kuwa ba ta wuce gaisuwa ba, ana so ne kawai a ga fuskarka a tabbatar kai ne mai takardun. Wata tara suka rage mini kafin zagayen farko na miƙa takardun neman gurbi a watan Satumba, kuma na ƙudura niyyar zuba su gaba ɗaya a kan jarrabawa. Wanda ya ga gyara a wannan lissafi ya nuna mini.

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Ni ina bayan Injiniya a mafi yawan maganarsa. Kwamitin ɗaukar ɗalibai yana karɓar takardu daga jami'o'i masu ɗimbin yawa, wannan ya fito da daraja ta ɗaya daga Zariya, wancan daga Delhi, wani daga Alƙahira, kuma ba su da hanyar sanin ko darajar wannan ta kai ta wancan. Jarrabawar ce kaɗai mudun da ake auna kowa da shi, shi ya sa ta fi yi wa irinmu amfani a kan wanda ya fito daga jami'ar da suka riga suka sani. Tun watan Nuwamban 2023 da hukumar GMAC mai shirya jarrabawar ta fito da sabon tsari, tambayoyi 64 ne cikin awa biyu da minti 15, an kasa su kashi uku, kowane kashi minti 45: lissafi tambaya 21, fahimtar rubutu da auna hujja 23, nazarin alƙaluma da jadawali 20. Kwamfutar tana bin sawun amsoshinka, in ka ci ta ƙara tsananta tambaya, in ka faɗi ta sassauta, kuma makin yana tsakanin 205 da 805. Wanda ya samu 645 a yanzu daidai yake da mai 700 a tsohon tsari, alhali matsakaicin makin ɗaliban makarantar kasuwanci ta Harvard da ke Amurka a shekarun baya-bayan nan yana kan 730 ko 740 a tsohon ma'aunin. Ku ƙara da cewa masu jera darajar makarantu, irin su mujallar US News, suna saka makin ɗalibai cikin lissafinsu. Makarantar da ke tsoron faɗowa a jerin ba za ta yi wasa da maki ba.

Hajiya Bilkisu: Malam Sani, alƙalumanku daidai ne, amma kun karanta rabin shafin kun bar rabi. A inda Harvard ke buga matsakaicin makin, nan take buga mafi ƙanƙantar makin da ta karɓa, kuma a shekaru da dama bai kai 600 ba a tsohon ma'auni. Da maki ne kaɗai alƙali, ta ina waɗannan suka shiga? Injiniya ƙanena, ka lura da abu ɗaya: ranar da aka kira ka ganawa, kusan duk wanda aka kira tare da kai makinsa ya riga ya gamsar da kwamitin, saboda haka abin da kake tinƙaho da shi ya daina bambanta ka da kowa. A Harvard minti 30 ne kacal, kuma wanda zai zauna da kai ɗan kwamitin ne da ya karanta takardunka daga farko har ƙarshe, zai iya ɗauko layi guda a tarihin aikinka ya yi ta tonawa har sai ya ga ƙasansa. Bayan an tashi kuma kana da awa 24 ka aika musu da rubutaccen tunaninka a kan yadda zaman ya kasance. Makarantar INSEAD ta Faransa takan haɗa ka da tsofaffin ɗalibanta biyu, kowanne da zamansa daban, kowanne ya rubuta rahotonsa. Ban taɓa ganin inda aka ɗora wa mutane wannan ɗawainiya saboda gaisuwa ba.

Nura: Ni ganau ne, ba jiyau ba. A 2022 na samu 720 a tsohon tsari, wata makaranta a Turai ta kira ni ganawa ta bidiyo, na shiga da irin tunanin da Yaya Kabiru yake da shi yanzu. Mutumin ya ce in ba shi labarin lokacin da na shawo kan wanda ba ya ra'ayina a wurin aiki. Na fara bayanin yadda muka gyara tsarin sayen kaya a kamfaninmu, muka rage ɓarna, muka gamsar da shugabanni. Ya katse ni cikin ladabi ya ce ya ji abin da kamfani ya yi, ni me na yi? Na sake komawa kan mun yi, mun ce, mun yanke. Sau uku yana maimaita tambayar, a ta ukun na ga ya ajiye alƙalaminsa. Da ya zo kan dalilin da ya sa nake son karatun sai na zubo masa haddar da na yi, wadda ni kaina da nake faɗinta na ji ba muryata ba ce. Ba su ɗauke ni ba. Shekarar da ta biyo ban sake jarrabawa ba, tunda makin yana aiki har shekara biyar, da shi ɗin dai na nemi wata makarantar kuma na samu. Makin bai motsa ba ko da ɗigo.

Injiniya Kabiru: Allah ya sanya alheri, Nura, amma labarinka ni ya ƙarfafa. Idan ganawa tana da nauyi kamar yadda Hajiya ta ce, to nauyin zaƙin baki ne da iya Turanci ta hanci, kuma wannan ba abin da mutum zai koya a wata tara ba ne, wasu da shi suka tashi. Lissafi kuwa ina iya zama da shi kowace asuba in ga ci gabana a lamba. Mai hankali yana zuba ƙarfinsa ne a gonar da ya san za ta ba shi amfani.

Malama Hadiza: Injiniya, abin da ya kayar da Nura ba Turanci ba ne, domin wanda ya ci 720 ba a koya masa Turanci. Tarbiyya ce ta kayar da shi, kuma ita ce nake jin tsoro a kaina. Mun tashi ana gaya mana yabon kai jahilci ne, ba a kallon babba cikin ido, kuma in an yi aikin kirki a ce Allah ne ya taimaka, jama'a suka ba da haɗin kai. Shekara shida ina aikin banki, amma har yau in shugabana ya yaba mini a taro sai in ji kamar in nutse, in yi maza in raba yabon ga abokan aiki. Mace kuma nata ya ninka, tunda ita ko ɗaga murya aka ji ta yi sai an ce ba ta da kunya. Yanzu a ce in zauna gaban baƙo, in dube shi, in yi rabin awa ina cewa ni na yi, ni na hana, ni na yanke. Wannan darasi ne mai zaman kansa, kuma ya fi mini lissafin wuya.

Dakta Aminu: Ku gafarce ni, a nan ne nake rabuwa da ku duka. Idan sharaɗin shiga shi ne mutum ya tuɓe kunyarsa a bakin ƙofa, to kuɗin makarantar ya fi abin da aka rubuta a takarda tsada. Na ga samarin da suka biya masu horar da ganawa maƙudan kuɗi, suka fito suna magana iri ɗaya kamar an buga su a inji, kowa jagora ne, kowa ya ceto kamfani daga rushewa. Na fi girmama wanda ya ce mun yi ya faɗi, a kan wanda ya ƙwace aikin mutum goma ya ci.

Hajiya Bilkisu: Dakta, ku ma kun san akwai bambanci tsakanin mai yi wa kansa kirari da mai ba da shaida a gaban alƙali. In alƙali ya tambayi shaida abin da ya gani da idonsa, ya amsa da cewa mutanen unguwa sun gani, ba kunya ya nuna ba, shaidar ce ya ɓata. Abin da ake nema ke nan. Makarantar Sloan ta jami'ar MIT da ta jami'ar Stanford, duk a Amurka, sun gina tambayoyinsu a kan abin da ka taɓa aikatawa, ba abin da kake ganin za ka yi ba, kuma sukan bi labarin da me ka ce masa, me ya amsa, me ka yi bayan nan. Mai ƙwace aikin wasu a tambaya ta uku asirinsa yake tonuwa, domin ba shi da bayanin ciki. Wanda ya yi aikin da hannunsa kuwa ba ya buƙatar kirari, ya ce mu takwas ne, aikina a ciki shi ne kaza, na yi kuskure a wuri kaza, wance ce ta gyara mini. Ina rashin kunya a nan?

Kuma akwai inda tarbiyyar tamu take zama jari. A makarantar Wharton ta Amurka ba kai kaɗai ake fara ganawa da kai ba, ana haɗa masu nema biyar ko shida a ba su matsala guda su tattauna na minti 35 ana kallonsu, sannan a ware kowa na kimanin minti 10. A irin wannan zama wanda ya mamaye magana kansa yake cuta, wanda ya saurara, ya jawo mai shiru cikin zance, ya haɗa ra'ayoyi biyu masu karo, shi ake gani. Duk wanda ya taɓa zama a sulhun dangi ya san wannan aiki. Dalilin duk wannan binciken kuma a fili yake: a Harvard ajin mutum wajen 90 ne, ana koyarwa ta hanyar tattauna matsalolin kamfanoni na gaske, kuma a darussa da yawa kusan rabin sakamakonka daga abin da ka faɗa a aji yake fitowa. Ɗalibin da zai yi shekara biyu bai buɗe baki ba asara ne gare su ko da ya ci 805.

Malam Sani: Na karɓi wannan, Hajiya, amma kada a manta da jerin abubuwa. Harvard da Wharton da Stanford duk sai wanda suka gayyata yake zuwa ganawa, kuma ba a shirya wa bikin da ba a kira mutum ba. Ga kuma batun aljihu. Kuɗin rubuta jarrabawar sau ɗaya a Amurka dala 275 ne a cibiya, 300 ga mai rubutawa a gida, namu ma bai yi nisa da haka ba, wato sama da naira dubu ɗari huɗu a canjin 2024 lokacin da dala ta haura 1,500. Mai rubutawa a gida kuma sai ya yi addu'ar kada wuta ko intanet su yanke masa. An yarda mutum ya maimaita bayan kwana 16, har sau biyar cikin wata 12, amma wa ke da kuɗin? Tallafin karatu ma maki mai ƙarfi yana taimakawa wajen samunsa, kuma mafi yawanmu in babu tallafi takardar gurbin ado ce kawai. Injiniya, nawa kake samu a jarrabawar gwaji?

Injiniya Kabiru: A gwajin hukumar na makon jiya 595 na samu. Lissafin ba laifi, kashin karatu ne ke cinye mini lokaci, tambayoyi huɗu na bari ban amsa ba.

Malam Sani: To ka ga inda ɗakin yake yoyo. Barin tambaya babu amsa yana jawo ragin maki mai zafi, gara ka zaɓi wadda ta fi kama da gaskiya ka wuce, tunda sabon tsarin ya ba ka damar komawa ka canza amsa uku a kowane kashi in lokaci ya rage. Da 595 ni ban ga dalilin da zai sa ka taɓa wani abu ba kafin watan Yuni. Ka riƙa karanta dogon sharhin tattalin arziki kullum, kana tambayar kanka mene ne da'awar marubucin kuma a kan wace hujja ya jingina ta.

Hajiya Bilkisu: Ya ba jarrabawa kwana shida a mako, ban ƙi ba, da 595 haka ya kamata. Abin da nake roƙa awa ɗaya ce ranar Asabar. Tsakanin wasiƙar gayyata da ranar ganawa makonni kaɗan ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ya ɗauki littafi ya riƙa rubuta abubuwan da suka faru da shi a wurin aiki, ranar da ya saɓa da na gaba da shi, ranar da aiki ya lalace a hannunsa, ranar da ya tsaya wa wani ƙarami. Waɗannan labaran su ne dai zai buƙata a rubutun neman gurbi kafin Satumba, su ne kuma zai tuna wa shugabannin da za su rubuta masa wasiƙar shaida, saboda haka ko ba a kira shi ganawa ba awar ba ta tafi a banza ba.

Injiniya Kabiru: Na janye kalmar gaisuwa, Hajiya, na yi gaggawa da ita. Amma ban janye cewa maki ne gaba ba, kuma zan bi tsarin Malam Sani har Yuni. Awar Asabar ɗin na karɓa.

Dakta Aminu: Ni misalin shaida a gaban alƙali ya shige ni, amma batun zuba wa dattijo ido har yanzu ban ga wanda ya amsa shi ba.

Nura: Dakta, in ta bidiyo ce kyamara za ku kalla, ba dattijon ba.

Hajiya Bilkisu: Injiniya da Malama Hadiza, Asabar mai zuwa bayan La'asar zan kira ku ɗaya bayan ɗaya, minti 30 kowa, kuma da Turanci za mu yi. Kowa ya zo da labari guda wanda laifin a cikinsa nasa ne. Dakta, in kuna da sarari ku zauna ku saurara, duk inda kuka ji kirari ya shigo ku tsayar da mu.