Wa ya taɓa bin maganar dashen ɓargo saboda sikila?

Maman Ilham, Tudun Wada:
Salam 'yan uwa. 'Yata shekararta 9, SS ce, bana kaɗai sau uku ana ba mu gado, jiya ma ƙafa ta hana ta barci kwana na yi ina gasa mata. Likita ya kawo maganar dashen ɓargo. Don Allah wanda ya gani da idonsa ya faɗa min, ban da ji-ta-ji-ta.

Baban Sadiq, Kawo:
Hajiya mu mun fara bin hanyar. Sai an yi gwajin HLA tukuna a ga ko ɓargon wani cikin 'yan uwanta ya dace, kuma ko uwa ɗaya uba ɗaya ne damar ɗaya ce cikin huɗu ga kowane yaro. Namu babu wanda ya dace, muka koma kan maganin hydroxyurea. Amma abin da har yau yake cin raina, autanmu ɗan shekara 6 ana ɗibar jininsa ya ce "Baba in na ba Yaya nawa ni zai ƙare?" Wallahi babu wanda ya nemi yardar yaron nan, mu dai muka sa hannu.

Anti Rabi, Barnawa:
Ki tambayi batun haihuwa tun yanzu, don sai an kashe ɓargonta da kemo (magani mai ƙarfi irin na ciwon daji) kafin dashe kuma yana iya hana haihuwa. Ɗan yayata a Indiya aka yi masa, sikila ta tafi alhamdulillah amma ya yi watanni fatarsa na saɓa, sabon ɓargon na faɗa da jikinsa. A gida ma ana yi, a birnin Benin suka fara a 2011.

Abu Rigasa:
Ku dai guji masu tallar garin "sitem sel" (sunan ƙwayoyin jiki da ake dasawa a dashen ɓargo) a leda wai yana mayar da SS ya koma AA. Kwali huɗu na saya wa matata, kuɗin babur ɗina ne suka tafi.

Malam na Malali:
Wani ya ce min haram ne wai da 'yan tayi ake yi. Ya haɗa abu biyu, dashen ɓargo daga jikin mai rai ake ɗiba ko jinin cibiya. Rigimar tana kan tayin da ya rage bayan IVF (haɗa ƙwan mace da maniyyi a wajen mahaifa), shi ma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa (ƙungiyar Musulmi ta duniya) a Makka a 2003 ta halatta in iyaye sun yarda, ta haramta a yi ciki ko a zubar da shi da gangan don a samu ƙwayoyin sitem sel.

Maman Ilham:
Na gode. Ƙannenta biyu, ɗaya AS ce, tana iya bayarwa?

Baban Sadiq:
AS na bayarwa in HLA ya dace. Shekararta nawa?